Giyar Bikin Ƙanwarta

Nunzia ce ta dafa giyar bikin da hannunta. Ba ta da hanyar ƙi, don duk garin babu mai dafa giyar sha'ir kamarta, ga shi amaryar ƙanwarta ce, Donata. Yau ango Saverio ya zo ɗanɗanawa. Ƙofa ɗaya ce da ɗakin gangunan giyar, kuma mahaifiyarsu ta dasa kujera a bakinta tana ɓarar wake.

"Ki zuba wa surukina mana," in ji uwar.

Nunzia ta ɗauki kwalbar, ta juya hannu tafin na kallon sama, ta tsiyaya masa a baibai. A garinsu, maci amana kaɗai ake zuba wa haka. Giyar ta cika kofin kamar narkakken zinariya, kumfa fari fat a samanta.

Saverio ya ga hannun. Ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba.

"Har da ɓawon lemo," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ashe ba ki manta abin da nake so ba."

"Donata ma tana son lemo."

"Nunzia, ki ce in fasa auren. Na rantse zan fasa."

Ta buɗe baki ke nan ta ji ɓarar wake ta tsaya. Uwar ta taso, ta karɓe kofin ta zubar, ta sake cika shi yadda ya kamata.

"Hannunta ne ya gaji, ɗana. Sha."

Sannan ta damƙa wa Nunzia kwalbar.

"Ranar biki ke za ki zuba wa ango a gaban jama'a. Gara ki koyi riƙe ta tun yanzu."