Shaidar Kakan Tafinta

Ƙofofi huɗu ne a sabon biro, wato ofishin dabbobi, na Magariya, duk kore, duk iri ɗaya. Makiyayi ya zo neman allura sai ya faɗa ɗakin magani, mai neman takardar hanya ya buɗe ƙofa ya iske Nasara yana cin abinci. Nasaran, wani likitan shanu da aka aiko bayan yaƙi, ya sa aka rubuta sunaye da faransanci. Ba wanda ya karanta. Sai ya ce wa tafintansa, Saminu, ya nemo mai zane.

Saminu yana da jar dara, da keke, da garke a dajin Waca, da kuma abu ɗaya da ba ya so a tono. Shekara bakwai da suka wuce, da ake karɓar shanu don soja, an umarci wani makiyayin Dungas mai suna Yero ya koro nasa talatin zuwa Magariya. Saminu ya tare su a hanya, ya faɗa wa Nasaran lokacin wai Yero ya sayar da su a ƙasar Ingilishi. Yero ya yi bayani, Saminu ya fassara yadda ya ga dama. Aka ɗaure Yero, a gidan kaso ya mutu. Matarsa Nafi kuwa kullum tana bakin biro da ƙwaryar nono, tana bin Saminu da ido.

Mai zanen da aka samo Ɗantsoho ne, ɗan gajeren wando, baki kamar ganga. A aji huɗu ya bar lakwal ta Damagaram, shekara bakwai ke nan, ya tsallaka Kano yana zane a jikin motoci. Ya ce shi ya zana kurar da ta hana jakunan Daura shiga kasuwa kwana uku. Kowa yana dariyarsa, ban da Nafi. Ba ta kallonsa, ba ta amsa gaisuwarsa, in ya tsugunna sai ta tura masa ludayi ta juya baya. Gardawan da ke gadin biro suka ce ya gamu da wadda ta raina shi.

Ɗantsoho ya yi wa Nasara zaɓen zane mai kyau. Ƙofar allura, kan bijimi da tsinke. Ɗakin magani, kwalba da kunama, don kada a taɓa. Wurin ruwan sha a waje, tulu. Ƙofar Nasara, malafa. Ya hana a zana kibiya. Ya ce makiyayi in ya ga kibiya ba hanya yake tunawa ba, faɗa yake tunawa.

Saura ƙofar tafinta.

"Ranka ya daɗe, zan zana maka baki da harshe biyu," in ji Ɗantsoho.

"Kai, mai fenti, ka kiyaye ni."

"To, tuba nake. Ai babban mutum shaidar shanun gidansu ake sa masa. Makiyayi daga nesa yake karanta ta. Sai dai in gidan ba a gaji saniya ba, sai mu zana keke."

Gardawa suka ƙunshe dariya. Duk Magariya an san uban Saminu ɗinki yake yi. Saminu bai taɓa riƙe ƙarfen shaida ba, amma yana ganin abin da ke cinyar shanunsa, wanda mai kiwonsa yake ta ƙona wa maruƙa don su yi daidai da iyayensu. Shi a wurinsa zane ne kawai. Ya ce, da faransanci da Hausa don kowa ya ji, shaidar kakansa ƙafar hankaka ce da ɗigo uku, duk saniyar da ke ɗauke da ita tasa ce tun kaka da kakanni.

Ya duƙa zai zana a ƙasa. Kafin ya ɗago, Ɗantsoho ya gama tasa a allo, har da ɗan lanƙwasan da ke yatsar hagu.

Ɗantsoho ya ƙara da shawara ɗaya: ranar buɗe allura a fara da garken tafinta, don talakawa su daina tsoro. Nasara ya ji daɗi. Saminu ya kasa cewa a'a.

Ranar kasuwa aka koro shanun. Dattawan Dungas suka iso, suka tsaya gaban allon, suka dubi cinyoyin shanu, suka tuɓe takalma suka yi wa Yero addu'a. Nasara ya tambayi me ake yi. Saminu ya buɗe baki zai fassara, Ɗantsoho ya riga shi, da faransancin aji huɗu, karyayye amma ba ƙari ba ragi.

Aka ɗauko tsohuwar takardar shari'a. Ga ƙafar hankaka da ɗigo uku, shaidar shanun Yero, ga sa hannun tafinta cewa an sayar da su a tsallake. Ga kuma tsofaffin shanu tara suna tuƙa a tsakar biro. Gardin da ke wanke wa Saminu keke shi ya cire masa dara, ya kai shi ɗakin da Yero ya mutu.

Nasara ya sa aka kira Nafi, ya tambaye ta sunan magajin garken. Ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, ta nuna gefen allo da haɓa, ba ta duba ba. Nasara ya fara fushi, sai wani dattijo ya ce da mai fenti ya fassara wa Nasaran wannan ma: ya yi haƙuri da ita, macen daji ba ta kallon ɗan farinta a gaban mutane, balle ta kira sunansa.