Layin da Ya Hargitse

Na'urar awon ciki ta zana layi miƙaƙƙe sumul, maigidan mai cikin ya washe baki.

"Kin gani? Zuciyar ɗanmu kamar agogo."

Ita kuwa matar ta ƙura wa layin ido. Shekara shida tana binciken lissafin bugun zuciya a jami'a, ta san lafiyayyar zuciya ba ta macin soja. Wadda ta daina sauri da lafawa ita ce abin tsoro.

Ungozoma ta juya mai cikin, ta kwantar da ita ta gefen hagu. Can sai ɗan ya yi shuri, layin ya hargitse kamar tonon kaza.

"Innalillahi, ya lalace!" in ji maigidan.

Matar ta yi dariya har da hawaye. "Barci yake yi, Malam. Yanzu ya farka."