Kwamfutar Zuwa Daji

Mutumin ya jingine babur ɗinsa a ƙofar shago, bai ma cire makulli ba. Laka ta rufe tayoyin, jar laka irin ta hanyoyin bayan Wasagu, inda yanzu ba mai shiga sai da dalili.

Nneka ta gan shi tun kafin ya yi sallama, ta kuma lura da jar lakar. Tun farkon damina ita kaɗai ke riƙe da shagon kwamfutocin nan na bakin kasuwar Zuru, tun ranar da 'yan bindiga suka tare motar da mijinta Ndubuisi yake ciki a hanyar Bena. Waɗanda suka kuɓuto sun ce sun ga an ja shi bayan dutse, sun ji harbi. An yi addu'a a coci. Danginsa can gida sun sa ranar makoki bayan kaka, ba gawa. 'Yan kasuwa, da suke kiransa Mai Gyaɗa ko da yake bai taɓa sayar da ko kwano ɗaya ba, sun yi ta zuwa gaisuwa har suka gaji.

"Madam, kwamfuta nika so," in ji mutumin. "Wadda aka ɗauka a hannu."

Dattijo ne, hannuwansa duk kanta, irin na mai riƙon fartanya. Ta ɗauko masa wata siririya mai sheƙi, wadda samari ke mutuwa a kanta. Ko taɓa ta bai yi ba. Ya ɗaga ido sama, ya fara jero magana kamar mai hadda.

"Ba siririya ba. Mai kauri, mai noti ga cikinta, wadda sukundireba ka buɗewa. Batir ya zan na cirewa."

Ta juya ta ɗauko wata baƙa, tsohuwar yayi, mai nauyi kamar dutsen niƙa. Ta kifa ta, ta nuna masa notunan. Gaskiya ne, irin wannan ce ta mai hankali: batir ya mutu ka zare ka sa wani, ma'ajiyar bayanai ta cika ka sa babba. Siririyar kuwa komai nata a manne yake, ranar da ta yi tari sai dai a binne ta. To amma ina manomi ya san wannan? Ko yadda ake ɗaga murfin bai sani ba, ta wajen maɗaurin yake ta ja.

"Baba, ina za a kai ta?"

"Daji."

"Wuta fa?"

"Suna da sola."

Suna da sola, in ji shi. Kowa a Zuru ya san su wa ke da sola a dajin da aka kori masu gonaki, ya kuma san ba su shigowa gari sayayya da kansu, aike suke yi. Wato waɗanda suka mayar da ita gwauruwa yau sun aiko ta zaɓar musu abin kallon fim. Tsoro ya kama ta, amma haushi ya fi shi ƙarfi.

Ta sunkuya ƙarƙashin kantar shagon kamar mai neman caja, ta danna lambar Haggai, tsohon sojan da ke shugabantar 'yan sintirin kasuwa. Tun bayan abin da ya faru ya ce mata ba sai ta yi magana ba, ta kira kawai ta katse. Ta kira, ta katse.

Saura ta riƙe dattijon har su iso. Ta kwance notunan a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe cikin, ta nuna masa gurbi biyu na ram, abin da ke ƙara wa kwamfuta sauri, ɗaya cike, ɗaya ba kowa.

"Yawwa," in ji shi. "An ce gurbi ya zan biyu, don a ƙara mata ƙarfi gaba."

Zufa ke keto masa duk da hadarin da ya haɗo. Yana ta waiwayen ƙofa, leɓɓansa na motsi, yana lanƙwasa yatsu. Huɗu sun lanƙwashe, babban ya ƙi. Akwai abin da ya manta, kuma mantuwar ta fi ƙofar ba shi tsoro.

"Saura guda," ya ce. "Ɗiyata na hannunsu, Madam. Wanda ya hwaɗa mini ya ce kada in canja ko kalma guda. Ya ce shagon ga kaɗai, kuma ga kunnenki."

Nneka ba ta ji tausayinsa ba. Ta sha jin 'yan aikensu duk haka suke cewa in sun ga an rutsa su.

Inuwa ta tare ƙofa. Haggai ne da mutanensa biyu, ɗaya har ya zare makullin babur. Haggai ya ɗora hannu a kafaɗar dattijon. Kowa ya san wanda suka fita da shi ta wannan ƙofa, da wuya ya koma inda ya fito.

A daidai nan babban yatsan ya lanƙwashe.

"Na tuna! Wadda aka samun kayan gyaɗa nata ko'ina!"

Ɗaya daga cikin 'yan sintirin ya tuntsire da dariya. "Kayan gyara, Baba. Kai da Hausarka?"

"Ni dai haka anka hwaɗa mini, shekaranjiya da bakinai."

Sukundireba ta suɓuce daga hannun Nneka. Ta zagayo kantar da gudu, ta ɓamɓare hannun Haggai daga kafaɗar dattijon, ta tsaya tsakaninsu tana haki. Shekara da shekaru tana gyara wa mutum ɗaya wannan kalma, harshensa ya ƙi, har kasuwa ta mayar masa da ita suna.

Duk duniya ba mai cewa kayan gyaɗa sai Ndubuisi, kuma shekaranjiya ya faɗe ta.