A Zaure Ake Tarbar Baƙo

Hambali, ka ce tun ranar da ka ɗauko sabon tela ka zaunar da shi a keken ɗinkin da ke bakin taga, wurin zaman tsohon telan shagonka, dattijon ya daina amsa gaisuwa, har yana maganar tattara almakashinsa ya tafi. Kana tambayata wanne za ka sallama a cikinsu. Kada ka sallami kowa tukuna. Gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wata mata mai sayar da kunun gyaɗa a tsohuwar unguwarmu. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma da mijinta ya rasu sai ya bar mata zomaye biyu, mace da namiji, a wani akurkin katako da ya ƙera da hannunsa a gindin bishiyar lemo. Ba don tukunya yake kiwonsu ba, sha'awa ce kawai. Bayan shekara guda namijin ya mutu. Zomanyar ta koma ƙurya ta kwanta, ko ganyen dankali aka miƙa mata sai ta kau da kai, har ƙashin bayanta ya fara fitowa. Hankalin matar ya tashi ƙwarai, domin a duk abin da mamacin ya bari, wannan kaɗai ce mai numfashi. Sai ta je kasuwa ta sayo wani farin zomo don ya ɗebe mata kewa. To, matar nan mai karamci ce, irin wadda in ta yi baƙuwa takan bar mata gado ita ta kwana a tabarma. Sai ta yi wa zomo yadda take yi wa mutane. Ta buɗe akurki ta tura shi har ƙurya, ta zuba masa dusa a kwanon mai wurin. Kafin ta ja sakata, zomanyar da ake wa kallon ta kusa mutuwa ta buga ƙafar baya a ƙasa ta yi kansa. Gashi ya tashi kamar an fasa matashin kai. Kunnen baƙo ya tsage, mai wurin ta fito tana ɗingishi, hannun mai rabon faɗa ma ya sami nasa rabon. Kashegari ta sake gwadawa, wai ko sun huce. Ba su huce ba. Ta zauna a bakin murhu tana jin haushin kanta, ga kuɗinta, ga alherinta, ga jini.

Tana nan zaune sai ta ji sallamar mai kawo mata harawa. Shekara goma mutumin nan yana zuwa gidan, amma kullum a zaure yake tsayawa, ya yi sallama, ya jira a amsa. Tana karɓar damin sai ta yi dariya ita kaɗai, ta ce, “Ashe ni ce marar ladabi. Wa ya taɓa kai baƙo ƙuryar ɗakin wani ba sallama?” Ranar ta aro keji ta sa farin zomon, ta ajiye shi kusa da akurki, da tazarar da haƙori ba zai kai ba. Suna ganin juna, suna jin warin juna, kowa da kwanonsa. Duk bayan kwana biyu takan ɗebi ciyawar shimfiɗar wannan ta kai wa wancan. Da farko zomanyar watsar da ita take yi, daga baya ta fara kwanciya a kai, ta kuma koma cin abinci, ko da don kada baƙo ya riga ta ne. Sai da aka yi sati uku sannan matar ta share zaure, wurin da babu wanda ya taɓa taka shi a cikinsu, ta zube ganyen karas tsibi biyu, ta sake su, ita kuma ta zauna da faifai a hannu. Da ta ga kunne ya kwanta baya sai ta sa faifan a tsakani, ta mai da kowa wurinsa. Yau minti biyar, gobe goma. An yi guje-guje, an ɗan fizgi gashi, ba ta karaya ba. Wata rana da hantsi tana dama kunu ta ji shiru ya yi yawa, ta leƙa zauren. Sai ga su kwance gefe da gefe a kan ganyen, zomanyar tana lasar kunnen nan da ita ta tsaga. Matar ta ji daɗi har ta manta da kunu a wuta. Zomanyar ta ƙara shekara huɗu a duniya, ta yi ƙiba har ƙofar akurki ta yi mata kaɗan.

Don haka, Hambali, ka mayar wa dattijon nan kekensa na bakin taga. Sabon ka sa shi a gefe, inda za su riƙa ganin ɗinkin juna, in an kawo abincin rana kuma ku fita ƙofar shago ku ci tare. Ba yau za su shirya ba, ba kuma gobe ba. Amma Hausawa sun ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.