Ɗan manomin da ya hau gadon sarautar Sin

Ina aji biyar a Wagini lokacin. Bayan la'asar ni da Baba muna ƙofar gida muna ɓare wake, ƙaiƙayi ya cika mini hannu. Baba malamin firamare ne, ranar kuwa ya dawo a gajiye.

Can sai ya ce, "Uwata, kin san wanda ya kafa daular Ming a ƙasar Sin ɗan manomi ne?"

Ya ce yunwa da annoba suka kashe iyayen yaron, har ya rasa inda zai binne su, sai wani maƙwabci ya ba shi ɗan fili. Da ya girma ya shiga tawaye, ya kori masu mulki, ya zama sarki. Ya raba wa manoma gonaki, ya tsananta wa ma'aikata masu cin hanci.

Na ce, "To Baba, shi ke nan talakawa suka huta?"

Ya murza kwasfar wake a hannunsa. Ya ce, "Sun ɗan huta. Daga baya tsoro ya kama shi, ya dinga kashe waɗanda suka taya shi yaƙi."

Na ji haushi, don na so labarin ya ƙare da daɗi.

Yanzu a Batsari nake koyarwa. Damina uku ba mu taka gonarmu ba saboda 'yan bindiga. Jiya wata ɗalibata 'yar gudun hijira ta tambaye ni yaushe za su koma ƙauyensu. Na ce ta buɗe littafinta.