Dawakin Bakin Fadama

Tunda ka ce gobe za ka je ganin gida, tsaya ka ji abin da ya faru da wani mai kiwon dawaki. Gari ya ci unguwarsu, gine-gine sun matse bargarsa, ga goɗiyarsa da tsohon ciki, ba inda za ta sake. Sai dillali ya kai shi wani gida a bakin fadama, mai fili yalwatacce, ciyawa shar har gwiwa, rafi na gudana a ƙasansa. A tsakar filin ga dawakai uku a ɗaure, sun yi ɓulɓul, jiki na sheƙi. Mai gidan ya shafa wuyan ɗaya ya ce, "Ka gan su nan, Alhaji, a nan aka haife su. Ciyawar nan da ruwan nan su suka yi musu wannan jiki." Mutumin ya gyaɗa kai, amma ransa bai kwanta ba. Ya duƙa kamar zai gyara takalmi, ya taɓa turke, ya ji icen ɗanye ne. Ya dubi ƙarƙashin kofatansu, ciyawa ba ta ko kwanta ba, alhali doki in ya daɗe a turke sai ya share kewayensa fes. Ya shaƙi iska, babu warin tsohuwar barga. Ga kuma mai gida sai zuba yake, ba ya barin shiru ya shiga tsakani.

Bai ƙaryata kowa ba. Cewa ya yi rana ta take, a kwance bayin Allah nan su je rafi su sha, ya ga tafiyarsu. Mai gida ya fara kame-kame, dillali ya kawar da kai. Mutumin ya sa hannu ya kwance su da kansa. Ko kallon rafin dawakan ba su yi ba. Suka juya suka fice ta ƙofa, suka kama hanyar wani ƙauye da sassarfa, shi kuwa yana biye a kan babur. Can suka shige wata barga suna haniniya, kowanne ya tsaya a turkensa. Mai bargar ya fito ya ce ai da safe aka zo aronsu, kuma bai bayar ba sai da aka rantse masa ba za a kai su bakin ruwan nan ba, don ƙudan tsando ne fal a wurin, duk dokin da ya yi damina a can cutar sammore ke kashe shi. Mutumin ya yi godiya ya kama hanyar gida, bai ko koma ya yi wa mai gidan sallama ba. Goɗiyarsa a matsattsiyar bargar nan ta haihu, lafiya lau, ya ci gaba da neman wuri a hankali.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kayan aro ba ya rufe katara.