Daddawar Kan Dutse

"Inno, ba raini ba, amma ku mutanen Keffi ba ku san miya ba!"

Husaini ya sauke jakar da ya goyo a tsakar gidansu na Gangaren Tudu. Shekarar da naira ta fito ne ya ɗauki hutun ofis, ya bi ƙauyukan duwatsun Eggon a ƙafa.

"Akwai wata mata can sama, daddawarta ba ta da ta biyu. Ga shi na sayo miki, ki ga yadda ake yi."

Mahaifiyar tasa ta jujjuya ƙunshin ganyen, ta ƙura wa ƙullin ido.

"An ce can da dare bammi ake sha."

"Wa? Ni? Ana idar da isha'i nake kwanciya."

Inno ta gyaɗa kai. "Wannan ƙullin hannuna ne. A wurina matar take sarin daddawa duk ranar kasuwa. Jiya ma ta zo, tana ba mu labarin wani ɗan Keffi da ya kwana yana tiƙar rawa, ƙwarya a hannu, har ya manta hularsa."

Ta ɗaga faifai, ta zaro hular.

"Ungo. Wanke ta kafin babanka ya shinshina."